Takardar Ajiye Aiki Tana Cikin Jakata, Na Kasa Miƙa Ta

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wani matashi a Kano. Na taƙaita ta saboda tsawonta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane mai ita.

"Assalamu alaikum Baba. Shekarata 33, kuma shekara takwas ke nan ina aiki a wani banki, a sashen da ake tura mu neman masu buɗe asusu. Mahaifinmu ya rasu a 2019, ya bar mana gona eka biyar a yankin Kura, cikin filayen da ruwan Tiga yake ratsawa. Da yake ni ne babba, ƙannena suka bar ta a hannuna. Tun daga lokacin nake zuwa Asabar da Lahadi, sauran kwanakin kuma wani ɗan baffana ne yake kula da ita. Ba mu taɓa samun abin a zo a gani ba, ba mu kuma taɓa faɗuwa warwas ba. Hankalina ba ya kwanciya sai ina cikin gonar nan, ranar Lahadi da yamma kuwa idan na kamo hanyar gari ƙirjina yakan yi nauyi. Sau uku ina rubuta takardar ajiye aiki, ta ukun tana cikin jakata wata biyar ke nan. Ina tsoron asara. Ina tsoron fuskar Hajiya, wadda ta sayar da awarwaronta na zinariya ta biya mini kuɗin jami'a. An sa ranar aurena, mahaifin yarinyar kuwa duk inda ya gabatar da ni sai ya ce 'surukina ma'aikacin banki'. Ita kanta na gaya mata cewa gonar Hajiya ce nake ɗan dubawa. Na yi tunanin in ce wa kowa saboda kuɗin ruwa zan bar aikin, domin na san babu mai ja da wannan. Baba, ragwanci ne yake damuna, ko kuwa hankali ne yake riƙe ni?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya sa albarka a abin da ya bari.

Dukansu biyun suna tare da kai, sun cakuɗe kamar tsaba da ƙaiƙayi, kuma ba za ka iya yanke hukunci ba sai ka shiƙe su. Magabata sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Abubuwa huɗu ka lissafa mini ka kira su duka tsoro, alhali guda ɗaya ne kawai na daji a cikinsu, wato asara. Fuskar Hajiya, da bakin surukinka, da abin da ka faɗa wa yarinyar, duk kunya ce ta gida, kuma maganinta daban yake da maganin asara. Asara ana yi mata lissafi da tanadi, kunya kuwa ba ta da magani sai buɗe baki. Wata biyar ka shafe kana yi wa kunya lissafi, shi ya sa lissafin ya ƙi fita.

Zan fara da na dajin, domin ba na so ka ɗauka cewa zan ingiza ka da daɗin baki kamar yadda wasu suke yi wa matasa, su ce noma tushen arziki su wuce. Noman rani a yankinku sana'a ce mai hatsari, kuma wanda ya raina hatsarinta bai san ta ba. Filayen nan na Kura da Bunkure da Garun Malam suna shan ruwa ne daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ruwan kuma yana zuwa ne bisa tsarin hukumar raya kogunan Hadeja da Jama'are, ba bisa ranar da kai kake so ba. A 2016 tsutsar nan da manoma suke kira Sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan lamarin, mutane da yawa suka wayi gari da gona ƙonanniya kamar an sa mata wuta. A shekarar da tsutsa ba ta zo ba kuwa, wani ciwon yana jira: kowa yana dasawa a lokaci guda, kowa yana tsinka a lokaci guda, sai watan Fabrairu da Maris su zo kaya ya cika kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, farashin kwando ya faɗi har wani ya gwammace ya yanka ya shanya kauɗa a bakin titi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, duk mai tayar da injin ban ruwa ya san abin da ya ƙaru a kansa, haka ma mai ɗaukar kaya zuwa kasuwar Mile 12 a Legas. Albashi kuwa, komai ƙanƙantarsa, ƙarshen wata yana shigowa ko tsutsa ta zo ko ba ta zo ba. Saboda haka muryar da take ce maka ka yi hattara muryar hankali ce, kada ka kore ta.

Sai dai akwai wani kuskure a cikin hujjarka. Kana duban sakamakon shekarun nan, ba riba ba faɗuwa, kana ɗaukarsa a matsayin abin da gonar za ta iya bayarwa. Wannan sakamakon noman Asabar da Lahadi ne, tumatir kuwa bai san Asabar ba. Tsutsar da ta fara rarake ganye ranar Talata ba za ta jira ka tashi daga ofis ba, idan ka zo ƙarshen mako abin da za ka tarar ya wuce feshi. Ranar da aka sako ruwa a magudana ita ce ranar ban ruwa, ranar sa takin kamfa ko yuriya idan ta wuce ta wuce, cinikin kwando kuma da sanyin safiya ake yinsa tsakanin mai kaya da dillali, a lokacin da kai kake ɗaura taye. Ba na zargin ɗan baffanka da komai, mai yiwuwa ma shi ne ya hana ku faɗuwa. Amma wanda aka ba wa tsaro iyakarsa ya tsare, ba zai sayar da rabin kaya yau don ya hango faɗuwar farashi gobe ba, domin yana tsoron a ce ya yi gaban kansa da dukiyar marayu. Gonar tana hannun mutum biyu, ɗaya yana nan amma ba shi da ikon yanke hukunci, ɗaya yana da iko amma ba ya nan. Irin wannan gona ba ta faɗuwa warwas, ba ta kuma tashi.

Yanzu zan faɗa maka abin da na gani a wasiƙarka wanda kai ba ka rubuta ba, kuma ina roƙon ka yi haƙuri da ni idan ya yi ɗaci. Wannan zama na rabi da rabi yana yi maka wani amfani, shi ya sa ka kasa rabuwa da shi. A banki, duk watan da ka kasa kawo adadin da aka yanka maka, kana da abin da za ka lallashi kanka da shi, ka ce ai dama zuciyata tana gona. A gona kuma, duk kakar da ba ta yi kyau ba, kana da amsa a shirye, ka ce ai ba na nan ne, da ina nan da ba haka ba. Kowanne ɗaya yana rufa wa ɗaya asiri. Shekaru ke nan ba a taɓa auna ka da cikakken mudu ba, ko a can ko a nan, domin ba ka taɓa zuba kanka gaba ɗaya a wuri guda ba. Ranar da ka miƙa takardar nan, uzurin nan guda biyu za su mutu tare. Idan gonar ta faɗi bayan nan, babu banki da za ka ɗora wa laifi, babu ɗan baffa, sai kai da iyawarka a fili, kowa yana gani. Ina kyautata zaton wannan ranar ce kake gudu fiye da asarar kuɗi, domin mutumin da ya yi shekara takwas a banki ya san yadda ake lissafin asara a kan takarda, kuma da ita kaɗai ce matsalar da tuni ka zauna ka lissafa ta ka huta.

Ban faɗi wannan don in ci fuskarka ba. Ni ma na taɓa riƙe irin wannan takarda a aljihun babbar riga kusan shekara biyu, a wani ofis da ba sai na ambata ba, ina gaya wa kaina cewa lokaci nake jira. Daga baya na gane cewa muddin takardar tana aljihu ina iya ci gaba da zama gwani a cikin tunanina, a sana'ar da ban taɓa gwada ta da gaske ba. Mafarkin da ba a gwada ba yana da daɗin riƙo, saboda babu ranar da zai ba ka kunya. Kuɗinsa dai shekaru ne, kuma ba a sanar da mutum lokacin da ake cirewa.

Kuma ka lura cewa ba kai kaɗai kake biya ba. Ƙannenka suna da haƙƙi a gonar nan, kuma rabonsu yana zaune a ƙarƙashin rabin kulawa tun 2019. Bankin da yake biyanka albashi cikakke shi ma yana samun rabin mutum. Taura biyu ba ta taunuwa, amma kai ka daɗe da su a baki, kuma akwai masu jiran ka haɗiye ɗaya.

Batun kuɗin ruwa kuma, ka ajiye shi gefe, kada ka sa shi a bakinka a wannan magana. Hukuncin aiki a bankin da yake mu'amala da kuɗin ruwa al'amari ne mai nauyi, malamai sun yi bayani a kansa, kuma idan yana damunka da gaske ka je ka zauna da malamin da ka amince da iliminsa da tsoron Allahnsa. Amma ka duba yadda ka rubuta shi: ba ka ce yana hana ka barci ba, cewa ka yi babu mai ja da shi. Da shi ne dalilinka, ai akwai bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, bankin Jaiz yana aiki tun 2012, TAJ ma ya biyo baya a 2019, kuma da ka ambaci cewa ka nemi komawa ɗaya daga cikinsu. Abin da kake shirin yi shi ne ka ari rigar addini ka rufe wata buƙata ta zuciyarka da kake jin kunyar bayyanawa. Ayyuka kuwa da niyya suke, kamar yadda hadisin farko na Arba'una ya koya mana tun muna yara. Ban da wannan ma, dabarar za ta juyo kanka. Wani daga cikin dangi zai samo maka aiki a wani ofis da babu kuɗin ruwa a ciki, ya kawo maka da murna, sai ka rasa bakin cewa a'a. Son noma ba abin kunya ba ne da sai an nemo masa mayafi. Ka faɗe shi da sunansa.

Bashin da ya fi gaggawa a kanka shi ne na yarinyar nan, kuma ya riga batun takarda. Ka gaya mata abin da ba haka yake ba, kuma a kansa ita da iyayenta suke gina tunaninsu na gidan da za ta shiga. Sun amince da mai albashi da yake kwana a gari, alhali wanda zai zo ɗaurin aure mutum ne da yake shirin wuni a gona, wataƙila ma ya koma Kura da zama. Halin samun mai neman aure abu ne da mace take da haƙƙin sani. Ya zo a Sahihu Muslim cewa lokacin da Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta nemi shawarar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan masu neman aurenta, ya bayyana mata cewa Mu'awiya ba shi da dukiya, bai ɓoye mata ba. Idan ka yi shiru har aka ɗaura, sannan bayan wata uku ka shigo da labarin ajiye aiki, abin da za ta riƙe a ranta har tsufa shi ne ka yaudare ta, kuma duk kakar da ta zo da ƙunci za ta tono wannan maganar. Idan kuwa ka faɗa yanzu ta amince, to ka samu abokiyar tafiya wadda ta shiga da idonta a buɗe, kuma irin wannan mace ita take riƙe gida a shekarar tsutsa.

Ba zan ɓoye maka ba, suna iya janyewa. Akwai iyayen da kujerar suke aurar wa 'yarsu, kuma ba lallai ne ka ga laifinsu ba, domin kowane uba yana son ya san abin da 'yarsa za ta ci. Idan haka ta faru zai yi zafi, za a yi magana a unguwa na ɗan lokaci. Amma fasa aure kafin a shafa fatiha ya fi sauƙin ɗauka a kan zaman da aka fara da rufa-rufa. Ita ka gaya mata da bakinka, ka fara da gyara maganar da ka yi, ka ce gonar tamu ce ta gado, ni nake riƙe da ita, kuma ina da niyyar mayar da ita sana'ata. Mahaifinta kuwa kada ka tunkare shi kai tsaye, ka bi ta hannun baffanka ko kawunka da ya nema maka auren, kamar yadda aka saba, su je masa da bayani da tsari, ba da jita-jita ba.

Kafin su duka akwai Hajiya. A nan ina ganin ka yi mata gajeren fahimta. Kana ɗauka cewa awarwaronta kujerar banki ya saya, don haka barin kujerar zubar da zinariyarta ne. Ilimi ta saya maka, kuma ilimi yana bin mai shi duk inda ya je. Sai dai kada ka yi zaton za ta yi murna nan take. Matar manomi ce, ta ga mahaifinku yana dawowa da kwandunan da ba su fitar da kuɗin mota ba, ta san shekarun da aka ci bashi kafin a yi dashe, kuma mai yiwuwa saboda kada ka ɗanɗani wannan ne ta cire abin hannunta. Tsoronta ya fi naka tushe. Saboda haka kada ka je mata da zancen kwanciyar hankali da nauyin ƙirji kaɗai, ka je mata da amsar tambayoyin da uwa take yi: me za ku ci idan kaka ta ɓaci, wa zai biya kuɗin makarantar ƙannenka, ina za ka ajiye matarka. Idan ta ce a'a a zaman farko, kada ka tsallake maganarta, kada kuma ka ɗauke ta a matsayin ƙarshen zance ka koma ka ɓuya a bayanta kana cewa ai Hajiya ce ta hana. Ka nemi ta ba ka lokaci, ka sa ɗan'uwanta da take jin maganarsa ya shiga ciki, ka dawo mata da haƙuri sau biyu sau uku. Albarkarta tana cikin jarin da kake buƙata, kuma ta cancanci a wahala a same ta.

Ka nuna mata kuma abin da karatun zai yi a gona, domin a nan ne ka fi yawancin maƙwabtanka na gona. Ka iya riƙe littafin shiga da fita, ka san yadda ake karanta sharuɗɗan rance kafin a sa hannu, ka san yadda ake magana da masu injin casar shinkafa da masu sayen kaya da yawa a ƙulla ciniki tun kafin girbi. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello, tana da tashar binciken noman rani a Kadawa, kusa da ku, ga kuma malaman gona na KNARDA, hukumar bunƙasa noma ta Jihar Kano. Manomi mai ilimi da yake zuwa yana tambaya yana rubutawa, yana gwada iri a kwami biyu kafin ya cika gona da shi, ba ɗaya yake da wanda yake bin abin da maƙwabci ya yi ba. Amma ka shiga da ƙanƙan da kai, domin dattijon da ya yi shekara arba'in yana ban ruwa a wannan ƙasa ya san abubuwan da ba a koyarwa a jami'a, ɗan baffanka ma malaminka ne a shekarar farko.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka akwai abubuwan da za ka gama kafin takarda ta bar jaka. Ka ware abincin gida da haya na wata goma sha biyu a wuri dabam da jarin gona, kada hannu ɗaya ya taɓa ɗaya, domin manomin da yake cin jarinsa shi ne yake sayar da kaya a ranar da farashi ya fi faɗuwa. Ku zauna da ƙannenka ku rubuta matsayin gonar, ko a raba kowa ya san nasa ka karɓi nasu haya, ko su shiga da kaso sananne, a sa shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma zumunci da yawa ya lalace a kan gonar gado saboda an ce ai mu 'yan'uwa ne ba sai an rubuta ba. Kada ka zuba eka biyar duka a tumatir, ka raba tsakaninsa da abin da yake ajiyuwa, shinkafa da damina, alkama ko albasa ko masara da rani. Ka duba takardar ɗaukarka aiki ka ga wa'adin sanarwar da ta sharɗanta, ka binciki abin da zai faru da duk rancen ma'aikata da yake kanka, ka kuma tuna cewa inshorar lafiyar da kake amfani da ita ta wurin aiki ce, za ta tafi tare da shi. Dokar fansho ta 2014 ta ba wanda ya bar aiki bai kai shekara 50 ba damar cirar kashi 25 cikin ɗari na abin da yake asusunsa idan ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba. Ka san da wannan, amma ka bar shi a matsayin abin ranar ƙunci, kada ka sa shi cikin lissafin taki. Ka kuma fita ta ƙofa da mutunci, ka miƙa aiki yadda ya kamata, domin mutanen da ka yi shekara takwas kana buɗe wa asusu su ne farkon waɗanda za ka nema idan kana da buhunan sayarwa.

Akwai gwaji guda da nake so ka yi kafin duk wannan, saboda gaskiya da kai tana da fuska biyu, kuma ban yarda in duba ɗaya kawai ba. Gonar da ka sani gonar hutu ce. Kana zuwa mata ne a ranakun da babu manaja a kanka, bayan kwana biyar na gajiya, kuma duk wurin da mutum yake zuwa ranar Asabar yana da daɗi. Mai yiwuwa noma kake so, mai yiwuwa kuma bankin ne kawai ka gaji da shi, kuma waɗannan ciwo biyu ne mabambanta. Ka ɗauki hutunka na shekara gaba ɗaya, ka sa shi a lokacin da aiki ya fi tsanani, ko dashen shinkafa ko tsakiyar tsinkar tumatir. Ka tare a can, ka kwana a can, kada ka shigo gari. Ka tashi ban ruwan dare idan layi ya zo kanku, ka yi rigima da 'yan ƙwadago a kan kuɗin wuni, ka bi kaya kasuwa ka tsaya gaban dillali da kanka, ka sha zazzaɓin sauron shinkafa idan ya zo. Makon farko ba shaida ba ne, domin ɗoki zai ɗauke ka. Mako na uku shi ne mai faɗin gaskiya.

Idan ka dawo ka ga cewa abin da kake so hutu ne, to ka yaga takardar nan ba tare da jin ka gaza ba, ka ba da gonar haya ga wanda zai zauna mata, ƙannenka su riƙa samun rabonsu, kai kuma ka koma aikinka da zuciya ɗaya ko ka nemi wani ofis da ya fi dacewa da kai. Wannan ma tsayawa ce a kan ƙafa biyu, kuma zan girmama ta daidai da ɗayar. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne shekara ta gaba ta same ka da takarda ta huɗu a jaka.

Idan kuwa ka dawo da tabbacin cewa nan ne wurinka, to ka yi istihara, kuma kada ka zauna jiran mafarki, domin addu'ar neman zaɓi ce da sauƙaƙawa, ana yinta ne a ci gaba da tafiya. Daga nan ka sa rana, ka ɗaura ta a kan kalandar gona, misali ƙarshen Satumba, yadda rainon iri na Oktoba zai same ka a can, ka kuma faɗa wa mutum biyu da kake jin kunyarsu wannan ranar domin kada ka zame. Ka tuna abin da ya faru kafin yaƙin Uhudu a shekara ta 3 bayan hijira. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fi karkata ga a tsaya a cikin Madina, matasan sahabbai suka nace a fita, ya karɓi ra'ayinsu ya shiga gida ya sa sulke. Da ya fito sai suka yi nadama suka ce a koma ga ra'ayinsa, ya nuna musu cewa bai dace da Annabi ba idan ya sa sulkensa ya cire kafin a gwabza. An fita, kuma an sha wuya, sahabbai kusan 70 suka yi shahada har da Sayyidina Hamza. Duk da haka ayar da ta sauka a kan wannan, ta 159 a Ali Imrana, ba ta soke shawara ba, ta jera su ne a tsare: a yi shawara, idan an ƙudura niyya a dogara ga Allah. Ban kawo maka wannan don in yi maka alƙawarin riba ba, ai labarin da kansa ya nuna cewa azama ba ta hana rauni. Na kawo shi ne don ka ga cewa shawara tana da lokacin rufewa, kai kuwa taka ta wuce wata biyar a buɗe, kuma da kanka kaɗai kake yinta.

Saboda haka kada ka taɓa takardar a wannan makon. Ranar Juma'a bayan sallar Magariba ka shiga ɗakin Hajiya, ka zauna a ƙasa, ka ce mata akwai maganar da ka daɗe kana riƙewa. Washegari ka je zance ka gyara abin da ka faɗa wa yarinyar. Ranar Litinin ka cike takardar neman hutu. Idan ka dawo daga Kura ka sake rubuto mini, ka gaya mini ƙarfe nawa kake tashi a mako na uku, da kuma ko sai an tashe ka.